Zaƙi, Tsami da Zafin Ɗaki: Abin da Ke Cikin Kwalbar Farar Giyar Inabi

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau za mu leƙa wata sana'a ce da ta yi nisa da yawancinmu, wato farar giyar inabi: yadda masu ita suke ɗanɗana ta, abincin da suke haɗa ta da shi, da yadda suke ajiye ta. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Bari in faɗi magana ɗaya tun daga farko. Mafi yawan masu bin shirin nan Musulmi ne, hukuncin giya a wurinsu kuma a bayyane yake, babu jayayya. A jihohi irin su Kano ma doka ta hana sayar da ita. Ta ɓangaren lafiya kuwa, a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Saboda haka ba talla muke yi ba, ba kuma gayyata ba.

Amma akwai 'yan uwanmu matasa da ke aiki a otal-otal da gidajen abinci a Abuja da Legas da ƙasashen waje, waɗanda baƙo zai yi wa tambaya, amsar da suka bayar kuma ta shafi aikinsu. Akwai masu karatun kimiyyar abinci. Akwai kuma wanda za a miƙo masa kofi a wurin dina, ko a ba shi kwalba cikin kwandon kyautar ƙarshen shekara a ofis, ya ji zaƙi ya ɗauka lemo ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Dukansu abu ɗaya suke buƙatar ganewa: a wannan harkar komai ya rataya ne a kan kokawar da ke tsakanin zaƙi da tsami. Idan ka gane wannan, ka gane ɗanɗano, ka gane haɗi da abinci, ka gane ajiya.

DAGA INABI ZUWA KWALBA

Sunan kansa akwai ruɗi a ciki. Farar giya ba fara ba ce kamar nono, launinta yana tsakanin ruwan ɗorawa mai haske da ruwan zuma. Kuma ba dole sai da koren inabi ake yin ta ba. Idan ka matse baƙin inabi, ruwan da ke fitowa kusan garai yake, launin a ɓawo yake zaune. Mai yin jar giya yana barin ɓawon ya jiƙa cikin ruwan kwana da kwanaki, mai yin fara kuwa yana matsewa ya raba su nan take. Shi ya sa farar ba ta da baurin nan mai kama baki irin na goro ko na shayin da ya daɗe a wuta, don a ɓawo da ƙwayar ciki baurin yake.

Tunda babu bauri, sai tsami ya zama shi ne ƙashin bayanta. Babban tsamin inabi wani sinadari ne da ake kira tatarik, kuma ba baƙo ba ne a kicin ɗinmu, shi ne dai tsamin da ke cikin tsamiya. Inabin da ya nuna a ƙasa mai sanyi kamar Jamus yana riƙe tsaminsa sosai, wanda ya sha rana kuma sukarinsa yana hawa, tsaminsa yana sauka.

Sai a bar wa yis aikinsa, irin yis ɗin nan da ke tayar da burodi. Yana cinye sukarin ruwan inabin, yana mayar da shi barasa da iskar gas. Louis Pasteur, masanin nan na Faransa, shi ya tabbatar tun wajajen 1857 cewa wata halitta ce mai rai take wannan aikin. A ƙiyasi, kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. To a nan hanya ta rabu biyu. Idan aka bar yis ya cinye sukarin kakaf, an sami giya marar zaƙi, wadda Turawa a harsunansu suke kira busasshiya, duk da cewa ruwa ce. Idan kuma wani abu ya tsayar da shi kafin ya gama, sukarin da ya rage shi ne zaƙin.

Ƙungiyar Tarayyar Turai ta sa wa abin ma'auni. Marar zaƙi ita ce wadda sukarinta bai wuce giram 4 a lita ba, ana kuma yarda ya kai giram 9 idan tsaminta yana da ƙarfi. Wadda ta haura giram 45 ita ce mai zaƙi sosai, sauran suna tsakani. Don ku kwatanta, lita ɗaya ta Coca-Cola tana ɗauke da sukari sama da giram 100 da kaɗan.

Kun lura da sassaucin nan na giram 9? Dalilinsa shi ne harshe ba sikeli ba ne. Duk mai dama zoɓo ta san wannan: idan sukari ya yi yawa, ta matsa lemon tsami, sai zaƙin ya ja baya, alhali ko ƙwaya ɗaya ba a cire ba. Haka yake a nan. Giya biyu za su iya zama da sukari iri ɗaya, ɗaya a ji ta wasai saboda tsaminta, ɗaya a ji ta tana gundura kamar ruwan alawa.

A jikin kwalba, marar zaƙi takan zo da kalmar dry, ko sec a Faransanci, secco a Italiyanci, trocken a Jamusanci. Mai zaƙi kuma za ka ga doux, moelleux, dolce ko late harvest. Masu araha a ɓangaren marasa zaƙi sanannu ne: Muscadet daga kusa da birnin Nantes a Faransa, Vinho Verde daga arewacin Fotugal, Soave daga Italiya, Sauvignon Blanc daga Chile, da Chenin Blanc na Afirka ta Kudu, wanda shi ne inabin da aka fi shukawa a can. Abin da ya sa suke da sauƙin kuɗi shi ne a tankin ƙarfe ake yin su, sau da yawa inji ne ke girbin, kuma cikin 'yan watanni an kai su kasuwa. Babu gangar katako, wadda sabuwa guda ɗaya mai cin lita 225 take cin ɗaruruwan Yuro, babu kuma shekarun jira.

INA ZAƘIN YAKE FITOWA?

A nan ne farashi yake rabuwa sosai, don zaƙi iri-iri ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe wa yis hanzari. A sanyaya tankin ƙwarai, a tace yis ɗin a fitar da shi tun bai gama ci ba. Haka ake yin Moscato d'Asti a arewacin Italiya, mai ƙamshin fure da ɗan kumfa, barasarta wajen kashi 5 da rabi cikin 100. Ku riƙe sunan nan Moscato, za mu dawo kansa a ƙarshe.

Hanya ta biyu, a bar inabin ya yi yaushi, ko a kan kurangarsa ko a shanya shi bayan girbi, har ya kusa zama zabibi. Ruwa ya tafi, sukari ya taru, har ya fi ƙarfin yis. Nahiyarmu ma tana da tarihi a nan. A 1685 shugaban Turawan Holan a Cape, Simon van der Stel, ya kafa gonar Constantia, giyarta mai zaƙi kuma ta yi suna har fadojin Turai. Napoleon ma da aka tsare shi a tsibirin Saint Helena ita ake kai masa.

Hanya ta uku ita ce mai ban mamaki, don fumfuna ce ke yin aikin. A yankin Sauternes, kudu da birnin Bordeaux, wani ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, yana zuba cikin kogin Garonne wanda ya fi shi ɗumi. Da kaka, haɗuwar tasu tana tayar da hazo mai laima da safe, da rana kuma gari ya buɗe. Laimar safe tana sa wata fumfuna mai suna Botrytis ta kama inabin ta huda ɓawonsa, ranar yamma kuma ta busar da ruwan ta ƙofofin. Inabin sai ya koma abin ƙyama a ido, a ciki kuwa sukari da tsami sun taru wuri ɗaya. Idan ruwan sama ya yi yawa, wannan fumfunar dai ita ce za ta ruɓar da gonar gaba ɗaya. Ga shi ba a lokaci ɗaya take kama kowane ƙwaya ba, dole masu girbi su riƙa zagaya gonar sau da yawa suna tsinka da hannu. A gidan Château d'Yquem, wanda ya fi kowa suna a yankin, akan ce kurangar inabi guda kofi ɗaya kacal take bayarwa, kuma shekarar da abin bai yi ba, kamar 2012, ba sa fitar da ko kwalba ɗaya da sunan. Irin wannan hanyar ake bi a Tokaj ta ƙasar Hangari, inda giyar Aszú take da aƙalla giram 120 na sukari a lita.

Ta huɗu ƙanƙara ce. A Jamus ana barin inabi a gona har sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, a Kanada 8, a tsinke shi a daskare, yawanci cikin dare. Idan aka matse, ruwan ya tsaya a matsayin ƙanƙara, zallan zaƙin ne ke ɗigowa.

To ina mai araha a nan? Dabarar masu harkar ita ce su nemi maƙwabcin mai suna. A tsallaken kogi daga Sauternes akwai Loupiac da Cadillac da Sainte-Croix-du-Mont, gaba kaɗan akwai Monbazillac, a kwarin kogin Loire kuma akwai Coteaux du Layon. Fumfunar ɗaya ce, aikin kusan ɗaya ne, sunan ne bai kai ba, don haka kuɗin ma bai kai ba.

YADDA MASU SANA'AR SUKE ƊANƊANAWA

Masu wannan aikin suna bin matakai uku: ido, hanci, baki. Kuma a wurin aiki ba sa haɗiyewa, akwai bokitin tofarwa a gefe, don wanda zai gwada kala hamsin kafin azahar ba zai kai ko'ina ba idan yana sha.

Ido yana ba da labarin shekaru. Sabuwar farar giya haske gare ta, wani lokaci har da ɗan kore-kore. Tana tsufa tana duhu, daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan zinare zuwa ruwan zuma. Idan giya mai araha 'yar shekara biyu ta riga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta lalace.

Hanci shi ne uban tafiyar. Harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da daɗin nan irin na romon nama ko daddawa. Duk sauran abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ba ya masa daɗi. Suna juya kofin ne don ƙamshin ya tashi. Sauvignon Blanc takan yi ƙamshin ɗanyar ciyawa da gwaiba, Riesling ta yi na lemon tsami da tuffa. Wata Chardonnay kuma za ka ji ana cewa tana ƙamshin man shanu, kuma ba ƙarya ba ne: ana barin wasu ƙwayoyin halitta su mayar da kaifin tsaminta ya koma irin tsamin kindirmo mai laushi, a hanya sai su bar wannan ƙamshin.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙamshin 'ya'yan itace ba zaƙi ba ne. Giya tana iya ƙamshin mangwaro amma babu sukari a cikinta. Zaƙin gaske shi ne wanda harshe zai ji ko an toshe hanci. Tsami kuma alamarsa yawu ne, idan baki ya cika da yawu bayan an tofar, tsamin yana da ƙarfi. Barasa ɗumi take bari a maƙogwaro.

Sanyi ma yana da nasa. Marasa zaƙi masu sauƙi ana kawo su tsakanin digiri 7 zuwa 10, masu nauyi 10 zuwa 13, masu zaƙi kuma 6 zuwa 8. Sanyi mai tsanani yana kulle ƙamshi yana kuma ɓoye aibi, ɗumi kuma yana sa zaƙi ya yi nauyi, barasa ta fito fili.

Yanzu ga tambayar da ta fi shafar aljihu: mai tsada ta fi daɗi? Mu dai muna cewa araha ba ta ado, amma ku ji wannan. A 2001, a Jami'ar Bordeaux, an ba ɗalibai 54 masu karatun harkar giya farar giya da aka rina ta ja da launi marar ɗanɗano, sai suka riƙa siffanta ta da kalmomin jar giya. A 2008, masu bincike a Kalifoniya suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Suka ce ta 90 ta fi daɗi, na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna ɓangaren jin daɗi ya fi motsawa da gaske. Tun kafin nan, ranar 24 ga Mayun 1976 a birnin Paris, alƙalai Faransawa sun ɗanɗana giya ba tare da ganin kwalba ba, suka ba farar giyar Chateau Montelena ta Kalifoniya na ɗaya, a kan manyan sunayen ƙasarsu. Wato ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci. Wannan darasin bai tsaya a giya ba, ya shafi turare, shinkafa, shadda, har da waya.

HAƊI DA ABINCI

Ƙa'idojin ba su da yawa, kuma kusan duk mun san su a kwanonmu.

Na farko, tsami yana yanke maiƙo. Me ya sa kunun tsamiya yake tafiya da ƙosai? Me ya sa ake matsa lemon tsami a kan gasasshen kifi? Tsamin yana wanke man da ya lulluɓe harshe, loma ta gaba ta dawo sabuwa. Shi ya sa a gaɓar tekun Faransa ake haɗa Muscadet da kifi da sauran kayan teku, a Fotugal kuma Vinho Verde da gasasshen sadin. Batun cewa kifi da fara yake tafiya ma yana da tushe: a 2009 wasu masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin wasu giyoyin, musamman jajaye, shi ke tayar da ƙarnin kifi a baki.

Na biyu, nauyi da nauyi. Abinci marar nauyi kamar salak ko dafaffen kifi yana son giya marar nauyi. Kaza a miyar madara da man shanu kuma tana son mai jiki kamar Chardonnay. Idan ɗaya ya danne ɗaya, an yi asarar guda.

Na uku, yaji. Barasa tana ƙara wa barkono wuta, zaƙi kuma yana kwantar da ita. Don haka a gidajen abincin Indiya da Tailan da ke Turai, abin da ake yawan ba da shawara shi ne Riesling mai ɗan zaƙi, mai barasa kashi 8 ko 9. Ma'aikacin otal da baƙonsa ya yi odar farfesu mai attaruhu, idan ya kawo masa marar zaƙi mai kashi 14, baƙon zai ce kicin ne suka cika yaji.

Na huɗu, abin sha ya fi abin ci zaƙi. Ka ci dabino ko alkaki, sannan ka kurɓi lemon zaƙi, za ka ji ya koma tsami. Haka marar zaƙi take komawa idan aka haɗa ta da kek. Don haka kayan zaƙi sai mai zaƙin da ta fi su.

Na biyar, gishiri da zaƙi aminai ne, kamar gyaɗa mai gishiri da rake. Sanannen misali a Faransa shi ne Sauternes da cukun Roquefort, mai gishiri da ƙarfin wari.

AJIYA: BA KOWACE TSOHUWA CE ZUMA BA

Fina-finai sun sa mutane suna ganin duk giyar da ta daɗe ta fi daraja. Gaskiyar ita ce mafi yawan farar giya mai araha an yi ta ne don a gama da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da take taƙama da shi sabon ƙamshi ne, shi ne kuma farkon abin da ke gudu. Ajiye Pinot Grigio ko Vinho Verde shekara biyar kamar ajiye fura ne sai baƙo ya zo wata mai zuwa.

Waɗanda ke jure shekaru su ne masu tsami mai ƙarfi, ko sukari mai yawa, ko duka biyun. Sukari yana tsare abu, shi ya sa zuma da dabino suke daɗewa, tsami kuma yana hana ƙwayoyin da ke ɓata abu sakewa. Riesling, Chenin Blanc na kwarin Loire, Semillon na kwarin Hunter a Ostireliya, Sauternes da Tokaji, duk suna iya shekara goma, wasu ashirin ko fiye, suna canzawa zuwa ƙamshin zuma da gasasshiyar gyaɗa. Tsohuwar Riesling har wani wari take yi kamar na kananzir, masu son ta kuma ba sa ɗaukarsa aibi. A 2011 an sayar da kwalbar Château d'Yquem ta shekarar 1811 a kan fam 75,000 na Ingila, tana da shekara 200 cif. Abin lura shi ne, a cikin fararen giya, masu zaƙin nan na maƙwabta da Riesling ta Jamus su ne hanya mafi araha ga mai son ajiyewa.

Maƙiyan kwalba huɗu ne. Na farko kuma babba, zafi. Ɗakunan ajiyar Turai a ƙarƙashin ƙasa suke, inda sanyi ke zama wajen digiri 12 zuwa 14 duk shekara. A ƙa'idar kimiyya, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar abu. To ku auna kwalbar da ta kwana a kwantena a tashar jirgin ruwa, ta hau mota, ta zauna a kan kanta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu. Alamar wadda ta dahu ita ce toshiyar ta ɗago, ko wuyan kwalbar ya yi danƙo, launi ya yi duhu, wari kuma kamar na tuffar da aka yanka aka bari. Hawa da saukar zafi ma illa ce, don ruwan yana kumbura yana komawa, yana zuƙo iska. Sito mai firji da wuta ke zuwa tana ɗaukewa yana cikin wannan matsalar.

Na biyu, haske. Hasken rana, har da na wasu fitilun kanti, yana tayar da wari kamar na dafaffen kabeji, kuma farar giya a kwalba mai garai ita ta fi saurin kamuwa. Kwalbar da aka jera a taga don ado ita ce mafi lalacewa a shagon.

Na uku, iska. Idan toshiyar ta ɓawon itace ce, ana kwantar da kwalbar don toshiyar ta zauna a jiƙe, kada ta bushe ta tsuke. Mai murfin murɗawa ba ta buƙatar haka. Kuma murfin murɗawa ba alamar ƙasƙanci ba ne. A shekarar 2000 masu yin Riesling a kwarin Clare na Ostireliya suka haɗa kai suka koma kansa, saboda maƙiyi na huɗu: wani sinadari da ke kama wasu toshiyoyin itace, ya sa giya ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Ma'aikacin otal ya sani, idan baƙo ya dawo da kwalba saboda wannan warin, da gaskiyarsa. Amma 'yan ƙwayoyin nan masu kama da gilashi da akan gani a gindin kwalba mai sanyi ba aibi ba ne, gishirin tatarik ne kawai ya daskare.

Idan an buɗe, marar zaƙi takan yi kwana 3 zuwa 5 a firji a rufe, mai zaƙi sosai kuma ta kan yi makonni.

KARANTA KWALBA KAFIN KA KARƁI KOFI

Yauwa, mu dawo kan Moscato, don wannan ɓangaren ya shafi kowa. A bukukuwanmu ana kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya, kwalabensu kuma kama suke da juna, har da takardar zinaren wuya. Amma kama da wane ba ta wane.

Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, wanda yis bai taɓa shi ba. Akwai wadda aka fara yin ta giya sosai, sannan aka cire barasar da na'ura. Irin wannan, a dokar Tarayyar Turai, tana iya ɗauke da ragowar da ta kai rabin kashi 1 cikin 100, hukuncinta kuma tambaya ce ta malamai. Sannan akwai giya ta gaske mai zaƙi, irin su Moscato, wadda zaƙi da sanyi da kumfa suke ɓoye barasarta, harshe ya rantse lemo ne. Wasu masu zaƙin ma ƙara musu barasa ake yi har su kai kashi 15.

Don haka kada ka tambayi harshenka, ka tambayi takardar. Ka nemi lamba mai alamar % da kalmar vol ko alc a kusa da ita. Idan ka ga 5.5 ko 8 ko 12, barasa ce, komai zaƙinta. Idan kofi aka miƙo maka, ba ka ga kwalbar ba, ka ce a nuna maka. Babu kunya a ciki, matambayi ba ya ɓata.

A nan za mu dakata. Wanda ke aikin otal ko karatun abinci, idan akwai abin da bai fito masa sosai ba, ya aiko da tambayarsa mu duba a shiri na gaba. Mai dama zoɓo da kunun aya kuma ta gwada ƙa'idojin haɗin nan guda biyar a kan nata kayan, ta ba mu labari. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.